Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin Damagaram kan tsohon otal ɗin tsakiyar gari

Zuwa ga Mai girma Gwamnan jahar Damagaram, da mahukuntan da ke riƙe da ragamar birni, da masu kula da al'adu da kayan tarihi, tare da sanar da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamaninsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban girma da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya taya ku riƙo, ya sa ku gama lafiya.

Ni ɗan garin nan ne, haifaffen Zango. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuku ne. Ƙuruciyarsa da ƙarfinsa duk a gaban murhun tsohon otal ɗin nan na tsakiyar gari suka ƙare, wanda yau in kun je wurin ba za ku tarar da ko tubalinsa ɗaya ba. Ina wannan rubutu da yawun ƴaƴa da jikokin waɗanda suka yi aiki a gidan: masu dafa abinci, masu gyaran ɗakuna, masu wanki da guga, masu gadi, da ƴan ga-ruwa da suka riƙa cika randunansa in famfo ya ɗauke. Ina kuma yi da yawun tsofaffin ma'aikatan da suka rage a raye, waɗanda ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Tun farko bari in faɗi abin da bai kawo ni ba. Ba zan kama sunan otal ɗin ba, ba kuma zan kama sunan wanda ya sayi filin ba. Mutum ya sayi abinsa da kuɗinsa, yana da takardunsa, ba mu da shari'a da shi. Ba ma kuma roƙon a sake gina abin da ya riga ya faɗi. Kukanmu a kan yadda ya faɗi ne, da abin da ya tafi tare da shi, da sauran gine-ginen da ke bin layi a bayansa.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin cewa Damagaram garin baƙi ne tun asali. Sunan unguwarmu kaɗai ya isa shaida: zango wurin sauke kaya ne. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya ɗaga ganuwar Birni ya kuma sa aka ƙera masa igwa a nan gida, ayarin Tarabulus da na Agadas da masu gishirin Bilma a nan suke kwance raƙuma kafin su miƙa Kano. Kowane baƙo yana da fatomansa, mai ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Attajirai irin su Malam Yaro da wannan harka ta fatauci da baƙi suka yi suna. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Birni daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, har yau kuma ana nuna wa baƙi gidan da ya zauna. Sai Nasara suka zo. An kashe kyaftin Cazemajou na sojan Faransa a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, aka yi yaƙin Tirmini da Faransawa a 1899, daga 1911 zuwa 1926 kuma garin nan ne babban birnin ƙasar kafin a mayar da shi Yamai. Bayan tafiyar fadar mulki ma baƙi ba su yanke ba, don gujiya ta riƙe garin. Kamfanonin Faransa na saye, manyan motoci na kwasa zuwa Kano inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911, ga fata da ƙirgi daga majemarmu. Wakilin kamfani, da likitan dabbobi mai rangadi, da injiniyan hanya, ba za su sauka a zauren fatoma ba. Wannan ne ya haifar da sabon irin masauki mai ɗakuna masu lamba da makulli da rajista, otal ɗinmu kuma shi ne babbansu a idonmu.

Ina iya ganinsa har yanzu. Bango ne mai kauri wanda yaro zai iya zama a bakin tagarsa ya miƙe ƙafa. Baranda ta zagaye gaban gidan da bakuna irin na soro, rufin can sama, tagogin katako masu ƴan tsage da iska ke ratsawa rana ba ta shiga. A tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun garin nan ke tofar da zafi har bayan isha'i, in ka shiga falon sai ka ji kamar ka leƙa randa. Ba na'urar sanyaya ɗaki, fanka ce guda a sama tana juyawa a kasalance. Maginan garin nan ne suka yi wannan aiki da ƙasar garin nan. A tsakar gida akwai dogon yaro manya, a ƙarƙashinsu mahaifina ke fere albasa da la'asar, ni kuma ina gefe ina jiran a miƙo mini ɓawon burodin jiya.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 gidan ya koma hannun namu a aikace. Ma'aikatan gwamnati da aka turo daga Yamai, kilomita wajen 900, a nan suke fara kwana kafin a ba su gida. Alhazan Kano da na Maraɗi a barandarsa suke ƙulla ciniki. Direbobin da suka fito daga Agadas ta Tanut a nan suke wanke ƙurar hanya. Abin da ya karya shi ma ba ɓoyayye ba ne. Farin 1973 da 1974 ya durƙusar da cinikin gujiya. Karya darajar sefa a watan Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk wani abu da ake shigowa da shi, tun daga fenti har kan famfo. Rashin tsaro a arewa ya kore masu yawon buɗe ido da ke ratsowa ta hamada. Sabbin masaukai masu na'urar sanyi suka buɗe a bayan gari. Aka rufe ɓangare ɗaya, aka ba da hayar wani, indararo ya toshe ba wanda ya hau ya gyara, damina ta yi aikinta. Ranar da motar rusau ta zo, gaskiya rabin aikin ruwa ya riga ya yi mata.

To ga kukanmu na farko. Gidan ya faɗi ba a ɗauki hotonsa ba. Ba wanda ya zo da igiyar awo ya auna tsawonsa da faɗinsa, ba wanda ya zana yadda ɗakunan suke, ba wanda ya tambayi wani tsohon magini yadda aka ɗaure bakunan barandar. A zamanin da kowane ɗan kabu-kabu ke da wayar da ke ɗaukar hoto, aikin yini ɗaya ne ga mutum biyu. Ƙofofin katako da tagogin nan kuwa, waɗanda kafintan yau ba zai iya yin irinsu ba sai ya sha wuya, wasu sun zama makamashi, wasu suna can an kafa su a garken awaki. Yau in ɗalibin gine-gine ya ce yana son ya ga yadda kakanninsa suka yi maganin zafi ba tare da lantarki ba, sai dai mu kwatanta masa da hannu.

Na biyu ya fi yi mini ciwo, shi ne takardu. Makonni kaɗan bayan rusau na tsaya sayen ƙosai kusa da tasha. Da na buɗe ƙunshin sai na ga takardar mai layi-layi ce, an raba ta gida-gida da jan layi, da rubutun alƙalami mai tawada irin na ƴan lakwal ɗin da. Gidan suna, gidan sana'a, gidan daga ina, gidan zuwa ina. Mai ya riga ya ratsa rabin shafin, amma na karanta wani likitan dabbobi da ya fito Tanut za shi Magarya, a ƙarƙashinsa wani mai sayen fata daga Kano, kwana uku. Rajistar baƙin otal ɗin ce. Na ce wa mai ƙosan, “Inna, ina kika samo wannan takarda?” Ta ce wani yaro ne ya kawo mata tuli guda, ta ba shi abin da ya samu. Na roƙe ta ta sayar mini da sauran, ta dube ni kamar wanda ya taɓu, ta ce, “Ɗana, in takarda kake so ai ga ta nan.” Na ba ta dala ɗari na kwashe abin da ya rage. Shafi goma sha wani abu ne, daga littafin da na san kaurinsa ya kai tafin hannu, kuma ba shi kaɗai ba ne, don ina yaro na ga jerinsu a kan kanta bayan teburin mai karɓar baƙi. Ba na ganin laifin inna, sana'arta take yi. Amma a cikin littattafan nan akwai lissafin duk wanda ya shigo garin nan da abin da ya kawo shi na shekaru masu yawa. Mai binciken tarihin kasuwancin Damagaram da zai same su da ya yi kukan daɗi. Sun tafi a cikin shara, ɗaya bayan ɗaya, da mai a jikinsu.

Kada ku ɗauka asarar ta masana ce kawai. Tare da rajistar baƙi akwai littafin albashin ma'aikata. Wani abokin aikin mahaifina, wanda muke kira Baba, ya yi shekaru yana guga a gidan. Da ƙarfinsa ya ƙare ya tashi neman haƙƙinsa na tsufa, aka ce ya kawo shaidar shekarun da ya yi. Ina zai samo ta? Mai gidan na farko ya rasu, magada sun watse, littafin ya bi ƙosai. Na raka shi wani ofis har sau uku, kowane zuwa a ce mana a dawo da takarda. A na ukun da muka fito ya zauna a kan dakali ya buɗe mini tafin hannunsa, duk tabon dutsen guga na gawayi, ya ce, “To ɗana, wannan ba ta isa takarda ba?” Ban sami abin ce masa ba. Yanzu jikarsa ce ke ciyar da shi da tallan goro.

Sai abin da ya maye gurbin gidan. Jerin shaguna ne na bulo da kwano, irin waɗanda za ka gani a bakin kowace tasha daga nan har Ƙwanni. Ba na raina neman halal, shagunan suna ciyar da gidaje. Amma an sare itatuwan tsakar gidan gaba ɗaya, inuwar da masu jiran mota da masu gyaran takalmi ke fakewa a cikinta ta tafi, masu shagunan da kansu da azahar sai su fito waje don kwano ya hana su zama. Garin da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa, wanda ya san wahalar raya itace guda, bai kamata ya bari a kayar da mai shekara hamsin a wuni ɗaya ba tare da an tambayi kowa ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a ido a majalisarmu ta bayan magariba. Wai gidan Nasara ne, an sha giya a cikinsa, me za a tuna? Ba zan yi musu ba. An sha. Zan ma ƙara musu da abin da ba su sani ba: a farkon aikinsa mahaifina ta ƙofar baya yake shiga, bai taɓa zama a kan kujerar falon da yake dafa wa abinci ba sai bayan da tuta ta canza. Gine-ginen bariki da yawa na wancan zamani da aikin tilas aka yi su, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. To wannan ɗin ne nake so jikokina su sani, kuma su san shi da hujja. In muka share duk wurin da aka wulaƙanta iyayenmu, da me za mu nuna wa yara cewa an yi? Kuma gumin da ke cikin bangon na wane ne? Wanda ya kwaɓa ƙasar, da wanda ya ɗora azara, da wanda ya share ɗakunan shekara da shekaru, duk ƴan Birni ne da Zango da ƙauyukan kewaye. Nasara ya kwana ya wuce, mu ne muka zauna da gidan.

Abin ba a kanmu kaɗai yake faruwa ba. Otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina don FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, an rushe shi a farkon 2020. Amma wanda ya nemi hotonsa zai samu, jaridu sun rubuta labarinsa. Namu ko wannan bai samu ba.

Abin da ya sa na ce ba zan ƙara yin shiru ba shi ne daminar 2024. A farkon watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rufta bayan ruwan sama mai yawa. Duk wanda ya ga hoton ya ji a jikinsa. In masallacin da kowa ke ƙauna, wanda baƙi ke zuwa gani, zai iya zubewa a gaban idonmu, ina ga tsofaffin kantunan kamfanoni, da gidajen bariki, da gidajen attajiran Zango masu zane a fuska waɗanda magada suka kasa gyarawa? Tun 2006 sunan tsohon birnin Damagaram, wato unguwar Birni da fadar sarki, yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO don jiran tantancewa. Agadas ta shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013. Mu muna nan muna jira, abin da za a zo a tantance kuwa yana raguwa kowace damina. Garin nan ya karɓi bikin 18 ga Disamba, ranar jamhuriya, a 2006, ya sake karɓa a 2018 da sunan Zinder Sabuwa, an shimfiɗa kwalta an yi gine-gine, mun gode. Sai dai sabuwa ta samu masu kula da ita, tsohuwa ce ke neman mai waiwayarta.

Don haka muna roƙonku, da girmamawa, abubuwa kamar haka.

A yi ƙidayar tsofaffin gine-ginen garin nan, a rubuta su a littafi guda: inda kowanne yake, wa ke da shi, halin da yake ciki, da hotonsa ta kowace fuska. Kada a tsaya a Birni kaɗai, a haɗa da Zango da tsakiyar gari da gine-ginen zamanin bariki. Ba sabuwar doka ake buƙata ba, dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yunin 1997 kan kare kayan tarihi ta riga ta tanadi ƙidaya da rajista. Ma'aikatan ma suna nan: ga ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa a jami'ar garin nan, wadda ke ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin da ya ba da rayuwarsa ga rubuta tarihin Damagaram. A ba su kuɗin mota da na ruwa, a haɗa su da Sarkin Magina da mutanensa, aikin hutu ɗaya ne.

A sa sharaɗi cewa duk ginin da ke cikin wannan littafi ba za a ba da izinin rushe shi ba sai an ba da sanarwa an jira wasu makonni, an ɗauki hoto, an auna, an kwashe takardu da ƙofofi da duk abin da ya cancanci ajiya zuwa gidan tarihi na jaha. Ba mu ce a hana mai abu abinsa ba. Wanda kuma ya zaɓi ya gyara maimakon ya rushe, a rage masa haraji, a taimaka masa da magina masu sanin yaɓe da makuba, don sau da yawa talauci ne ke sa magada sayarwa, ba ƙin gidan ubansu ba.

A yi shela a gidajen rediyo cewa duk wanda ke da hoto, ko rasit, ko wasiƙa, ko wani kaya na tsohon otal ɗin da makamantansa ya kawo a ɗauki kwafi a mayar masa da abinsa. Mutane na tsoron kawowa ne don suna ganin za a karɓe. Ni zan fara. Ina da shafukan nan da na fanso daga mai ƙosai, ina kuma da wani makulli da mahaifina ya bari a cikin adakarsa, mai mariƙin tagulla da aka buga wa lamba 7, gefensa ya suɗe don yawan hannun da ya taɓa shi.

A kafa allo a bakin filin, da izinin mai wurin, a rubuta abin da ya taɓa kasancewa a nan da irin mutanen da suka yi aiki a ciki. A rubuta da Hausa tukuna, da boko da ajami, tunda tun 2025 ita ce harshen ƙasa a hukumance, sannan a bi da wasu harsuna don baƙi. Gidan da Barth ya kwana wata guda yana da alama. Wurin da iyayenmu suka yi shekara talatin suna aiki ya cancanci tasa.

A duba lamarin tsofaffin ma'aikatan da takardunsu suka salwanta ba da laifinsu ba. In mai unguwa da limami da abokan aiki biyu sun shaida mutum ya yi aiki a wuri, a samo hanyar da za a karɓi wannan shaida, ko kuwa a sa su cikin masu samun tallafi. Ba su da yawa, kuma ba su da lokaci.

Na ƙarshe shi ne ya fi gaggawa, kuma shi ne mafi arha. A turo wanda zai zauna da tsofaffin nan da na'urar ɗaukar murya. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da aka kafa musamman don tattara tarihin baka, akwai kuma IRSH, cibiyar binciken tarihi da zamantakewar jama'a, sun san yadda ake wannan aiki, za su iya koya wa yaranmu. Baba mai guga ya san wane ɗaki ne ake ajiye wa manyan baƙi, ya san ranar da aka fara barin baƙar fata ya zauna a falo da wanda ya fara zama, ya san waƙar da ƴan ga-ruwa ke yi in suna hawa da garwa. Idonsa ya tafi, amma kansa garau yake. Yana zama a ƙofar gida kullum daga hantsi har azahar, in ban da Juma'a. Sanyin bara ya kwantar da shi wata biyu, don haka ina roƙon a zo kafin hunturu ya sake shigowa. Duk ranar da kuka shirya ku aiko ta hannun mai unguwarmu, ni zan yi wa ɗan aikenku jagora har ƙofar gidan.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya taya ku riƙon amanar jama'a. Wassalam.

Naku,
ɗan tsohon kukun otal ɗin, a madadin ƴaƴa da jikokin ma'aikatansa,
unguwar Zango, Damagaram.